Ayu Mai Goyo a Gurbin Hodi

Ni fa ban shiga ajin nan don ina so ba, dole aka yi mana. Duk ɗalibin da zai yi binciken digiri na biyu a jami'armu da ke Birnin Kebbi, ko kifi yake karanta kamar ni, ko shari'a, ko aikin injiniya, sai ya zauna darasin Ɗa'ar Bincike. Mu ɗalibai ajin rigima muke ce masa, domin malamai uku ne ke shigowa tare, kuma ban taɓa ganin ranar da suka fita bakinsu ɗaya ba.

Akwai Dakta Munira, malamar halittun ruwa, wadda ke duba aikina. Akwai Malam Muhyiddeen na sashen fiƙihu, mai sanyin murya, wanda zai kayar da kai a muhawara yana ba ka haƙuri. Sai Barista Tamba, wanda in ka ce masa ina kwana sai ya nemi hujja. Abu ɗaya tak suka yarda da shi su duka: ba a rufe magana a aji sai an je an zauna da mutumin da hukuncin zai faɗa wa a kai. Na sha yi wa ƙa'idar nan dariya, ban san ni take jira ba.

Sunana Sauda, 'yar Gulma ce ni, can ƙasar Argungu. Mahaifina Hodi manomin shinkafa ne, amma asalinmu masunta ne. Idan gulbin Rima ya janye da rani, yakan bar ruwa mai zurfi a wasu wurare, shi muke kira gurbi. Akwai wani gurbi a bayan gonarmu da gidanmu ya gaji kula da shi tun kakanni. Al'adar ita ce, idan mai gurbi ya kafa sanda a baki ya ɗaura mata kaba, to an rufe ruwan ke nan. Ba taru, ba ƙugiya, ba injin ban ruwa, kuma ba mai tambayarsa dalili har ranar da ya kwance da hannunsa. Ni tun da na yi wayo ban ga Baba ya ɗaura ba. Ina zai ɗaura, alhali injinsa ne ke zaune a bakin gurbin yana shayar da shinkafar rani? Maƙwabtanmu duk sun haƙa rijiyoyin fadama, mu kuwa an gwada a gonarmu an sake gwadawa, ruwa ya ƙi. Gurbin nan shi ne tuwon gidanmu.

Aikin bincikena shi ne in auna yadda injina ke rage ruwan gurabe, da abin da hakan ke yi wa kifi. Wata ranar hantsi ina cikin kwalekwale ni kaɗai, na tsoma sandar awo, sai na lura an yi wa ciyawar gefe wani irin aski. Ba cin shanu ba ne, domin daga cikin ruwa aka ci ta. Ina cikin wannan tunani sai na ji wani numfashi a bayana, fuuu, kamar tsoho ya sauke kaya.

Na waiga. Ƙofofin hanci biyu ne a saman ruwa, zagayayyu, suka buɗe suka rufe. Sai wani baya mai launin toka ya taso a hankali, ya yi ta tasowa, ya kusa tsawon kwalekwalena. Wayyo Allah! Ban san lokacin da hannuna ya ciro waya ba, amma dai na ɗauki bidiyo, hoton yana rawa kamar mai zazzaɓi ce ta riƙe.

Ranar darasi na ba Dakta Munira wayar, na ce a haska a bango. Ajin rigima, ajin da ba a jin maganar juna, ya yi tsit. Dakta ta matsa har goshinta ya kusa taɓa bangon. Ta ce a mayar baya. Aka mayar. Ta sake cewa a mayar.

"Ayu ce," in ji ta. "Mace. Ku dubi gefenta na dama. Ku dubi wannan ɗan abin. Goyo gare ta."

Ni da na ɗauki hoton ban ma ga ɗan ba sai a lokacin. Dakta ta zauna a kan tebur, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce ita duk tsawon karatunta ƙoƙon kan ayu kawai ta taɓa gani a ɗakin gwaji. Ta ce babbar ambaliyar da aka yi da damina ce ta hauro da ita daga kogin Kwara, ruwa ya janye ya bar ta a tsare. Ba inda za ta sai wata daminar ta haɗe gurbin da gulbi.

Malam Muhyiddeen ba abin da yake cewa sai "Tabarakallah."

Barista Tamba, mai hujja, shi ne dai ya fara farfaɗowa. Ya ce doka ta hana kashe ayu, don haka a kai rahoto ga hukuma yau ɗin nan.

Dakta ta ce, "Barista, kafin takardar ta gama yawo tebur-tebur labarin ya kai kasuwa. Ka san abin da mutane ke yi a kan man ayu. Mu faɗa, mafarauta su riga jami'ai zuwa."

"To a yi shiru ke nan?" in ji Barista.

"In an yi shiru, injin ban ruwa zai kashe ta. Ga awon Sauda nan, ruwan sauka yake kullum."

Wani ɗalibin injiniya ya tashi ya cika allo da lissafi, ko za a iya raba ruwan, shinkafa ta sha ayu ta rayu. Ya goge, ya sake, ya ajiye alli ya ce ba zai isa ba. Ko ita ko gonar.

Aka juya ga Malam. Ya ce malamai sun gabatar da ƙishin mai rai a kan ban ruwan shuka. Har na fara jin sanyi, sai ya ƙara da cewa, amma shukar nan ita ce abincin wasu masu ran, kuma su mutane ne, da 'ya'yansu. Ya ce, "Ni dai ban da amsa a aljihu. Sai dai ina da tambaya. Injin na wane ne?"

Na ce, "Na babana ne, Malam. Gurbin ma na gidanmu ne."

Aji ya ɗauki "to fa". Barista ya ce ai magana ta zo da sauƙi, sai a je a same shi. Nan ne raina ya ɓaci, na miƙe tsaye ba tare da an ba ni izini ba.

Na ce, "Wallahi ba ku san Hodi ba ne. Kakana shi ya kashe ayu na ƙarshe da tsofaffin garinmu ke tunawa, har gobe da wannan ake yi wa gidanmu kirari. Mashin da ya soke shi da shi yana nan rataye a ɗakin Baba. Duk shekara sai ya sauke shi ya shafa masa mai. Tun ina ƙarama yake cewa Allah kada ya ɗauki ransa bai jefa mashin nan sau ɗaya ba. Shi za ku je ku ce wa ga ayu a bayan gonarsa? Ai gara ku kai wuƙa ku yanka ta da kanku."

Dakta Munira ta ce, ko a gaya masa an gano wata cuta a ruwan, a ce ya tsayar da injin. Barista ya ce wannan yaudara ce, kuma ita da bakinta ta koya mana cewa ba a yi wa mutanen da ake bincike a wurinsu ƙarya. Malam ya ce a hankali, idan muka yi haka mun ɗauke wa mutum amfanin gonarsa, mun kuma ɗauke masa ladan zaɓi. Dakta ta rufe fuska da tafin hannu ta ce, "Na janye. Son dabbar ne ya ja ni."

Sai Malam ya dube ni. "Sauda, ke kika gani, kuma mahaifinki ne. Ba za mu tsallake ki mu je ba. In kin ce a'a, mun tsaya nan."

Na ji haushinsa ƙwarai a ranar. Da ya tilasta mini, da na sami wanda zan ɗora wa laifi. Na kwana ina juyi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na tsaya gaban baƙi na yanke wa ubana hukunci, shi yana can cikin taɓo yana gyara kunyar gona bai san ana yi ba. Da safe na sami Dakta na ce mu je, amma idan ya kashe ta, ban san da wane ido zan ƙara kallonsa ba.

Muka ɗauki hanyar Argungu a motar Barista, shinkafar fadamar Zauro koriya shar a hagunmu. Ba wanda ya yi rigima a motar, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

Baba ya tarbe su a zaure, aka kawo fura da ruwan randa. Ya dube ni yana murmushi. "'Yar boko, mi kinka yi anka rako ki har gida da manya ukku?"

Na durƙusa na miƙa masa wayar. "Baba, duba wanga. Gurbinmu na."

Ya riƙe ta nesa da fuska yadda yake yi. Murmushin ya tafi. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in sake kunnawa. Dakta ta fara bayani, ta faɗa masa komai ba ɓoye: dokar, da mafarauta, da yadda injinsa ke cinye ruwan. Malam ya ce ba umarni suka zo da shi ba, sun zo ne don maganar tasa ce. Baba ya miƙo mini wayar. Ya tashi ya shiga cikin gida.

Da ya fito, mashin ne a hannunsa.

Innalillahi. Dakta ta yunƙura za ta tare shi, Malam ya ce, "Dakta, yi haƙuri, mu bi shi." Muka bi shi a jere ta kan kunyar shinkafa, la'asar ta yi sanyi, shinkafar ta yi ciki tana shirin fidda kai. Ban taɓa ganin gonarmu ta yi kyau irin na shekarar ba, kuma ban taɓa tsanar ta irin na ranar ba.

A bakin gurbi ya ce malamai su tsaya a tudu. Ya nuna mini injin da haɓa. "Kashe shi. Ba ta hitowa cikin ƙara."

Na kashe ina kuka. Ya ce in shiga kwalekwale in tuƙa shi. Na ce, "Baba, don Allah, don darajar iyayenka." Ya ce, "Tuƙa, Sauda."

Muka isa tsakiya, ya ɗaga hannu na tsayar da filafili. Da injin ya mutu sai na ji duniya ta buɗe. Kukan kwaɗi, fiffiken wata balbela, ɗigar ruwa daga filafilina. Baba ya miƙe tsaye a goshin kwalekwale, ƙafa ɗaya gaba, mashi a kafaɗa. Wallahi duk da tsoron da nake ji sai da na ga kyan tsayuwar. Ba manomin da na sani ba ne, wani mutum ne da aka ajiye cikinsa tun kafin a haife ni.

Muka jira har na fara fatan ba za ta fito ba.

Sai fuuu.

Ta taso dab da mu, kusa har ina ganin gashin bakinta tsilli-tsilli da 'yan idanunta ƙanana. Ba ta gudu ba. Ta juya a hankali ta kwanta a gefe ɗaya, ruwa na gangarowa daga jikinta, rana ta bugi fatar ta yi sheƙi kamar tukunyar da aka wanke. Na ga damtsen Baba ya ɗaure, mashin ya ja baya.

"Shekara nawa ina jiranki," ya ce, ba da ni yake ba.

Na runtse ido. Ban ji komai ba. Da na buɗe, ɗan ne ya fito daga ƙarƙashinta, ɗan dunƙule, ya laluba ya cusa baki a hammatarta. Ita kuwa ta ɗaga hannun nan nata mai kama da filafili, ta ɗora masa a baya, ta riƙe shi yana sha. A hammata nononta yake, inda mace ke rungume jariri. Ana jin ƙarar tsotson a cikin shirun.

Mashin na sama, bai sauka ba, bai tafi ba.

"Subhanallahi," in ji Baba. "Sauda, kin gani? Dubi yadda tar riƙe shi." "Kakanki ya ba ni labarin jihwa, ya ba ni labarin mai da nama. Bai taɓa hwaɗa mini wanga ba."

Muka tsaya muna kallo, ni da shi, har ɗan ya ƙoshi ya saki. Uwar ta ja numfashi, ta nutse ba ko fantsama, ruwa ya rufe kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna, ya ɗora mashin a cinya, ya ce in mai da shi baki.

Da muka sauka bai kalli kowa ba. Ya je wurin wata kaba ya yanko ganye. Ya dawo bakin ruwa, ya juya mashin kai ƙasa, ya kama da hannu biyu ya caka shi cikin laka har ƙarfen ya ɓace. Mashin kakana, wanda ko taɓa shi ba a bari mu yi. Ya ɗaura kabar a jikin sandar, ya ja ƙullin da haƙori.

Barista ya raɗa mini, "Me ke nan?"

Na ce, "Ya rufe gurbin." "Ba mai kusantar ruwan, ba mai tambayar dalili. Har shi kansa."

Baba ya sunkuya ya zare tiyon injinsa daga ruwa, ya naɗe shi a kafaɗa. Dakta Munira ta matso, ta rage tsawo. Ta ce, "Baba, akwai sauran magana, ba zan ɓoye maka ba. Shinkafarka ba za ta kai ba in babu ruwa."

"Na sani, ɗiyata. Ni nas shuka ta."

"Kuma ciyawar gurbin ta kusa ƙarewa. Mai shayarwa ce, tana ci da yawa. Ina tsoron ko da ruwan ya tsaya, yunwa ta kashe su kafin damina."

Baba ya dubi gurbin, ya dubi gonar. Ya tambaya, "Tana cin shinkahwa?"

"Ɗanyen ganyenta? Sosai ma."

Ya gyaɗa kai kawai. Malamai suka koma Birnin Kebbi da magariba, ni na kwana gida.

Bayan sallar asuba ban same shi a zaure ba. Na bi kunya zuwa gona, gari na wayewa. Yana can tsakiyar shinkafar da lauje, yana yankan ta ɗanya, koriya shar, mai ciki, wadda saura kaɗan ta zama abincin shekararmu. Ya riga ya tara dami biyu.

Na ce, "Baba! Mi kaka yi haka?"

Bai ɗago ba. "In na bar ta, rana za ta cinye ta a banza. Baƙuwa ta zo da goyo tun daga Kwara, a ce ta sauka gidan Hodi ba a aza tukunya ba?" Ya miƙo mini dami. "Ɗauki, 'yar boko. Ko an hana ku ɗaukar kaya a jami'a?"

Na ɗora a ka, raɓa na zubo mini a wuya, ina tafe ina kuka ina dariya. Muka zuba a gefen gurbi muka ja baya. Ba a jima ba ganyen ya fara motsi, ana jan shi ƙasa a hankali.

Haka ya yi ta yi duk safiya, gefe-gefe, har gonar ta koma fili. Da ta ƙare ya shiga yawon yankar ciyawa a fadama. Maƙwabta sun ga kabar, sun ga gonar, wasu sun ce Hodi ya taɓu, amma ba wanda ya tambaya. A aji kuwa an ci gaba da rigima a kan ko a rubuta labarin a mujallar masana. A ƙarshe Barista ya koma Gulma da kansa ya tambayi Baba, Baba ya ce a rubuta bayan ta tafi, kuma kada a faɗi wurin. Haka aka yi.

Damina ta sauka, gulbi ya cika ya haɗe da gurbi. Ina fitowa daga ɗakin karatu wata safiya wayata ta yi ƙara.

"Sauda," in ji Baba. "Baƙuwarmu ta tahi. Na kai ciyawa, ba wanda yaj ja. Ita da ɗanta, ko sallama ba ta yi mini ba."

Ya yi dariya, amma na ji yana jan hanci. Na zauna a kan matakala. A shekarar nan tuwon gero muka ci har kaka, kuma ban ji ya yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Ya kwance kabar, ya mai da injinsa. Mashin kuwa bai cire ba. Yana nan a bakin gurbi kai ƙasa, tsatsa na cin sa, tsuntsaye na sauka a kai.